Raɗin Suna Kafin Haihuwa: Jita-jitar iPhone Mai Naɗewa



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa, wani zai iya cewa bai isa a tara jama'a dominsa ba, don kuwa magana ce a kan wata waya wadda har zuwa ƙarshen shekarar 2025 kamfanin da aka ce zai ƙera ta bai ko ambaci sunanta ba. Amma duk da haka an riga an faɗi tsawonta da faɗinta, an faɗi kaurinta, an zana hotonta, an yanka mata kuɗi, har ma an yi gardama a kan launinta. Watau an yi raɗin suna, an ci tuwo, alhali kuwa ba a yi haihuwa ba. Wayar da muke nufi ita ce iPhone mai naɗewa, ta kamfanin Apple na ƙasar Amurka. Nufinmu shi ne mu duba inda irin wannan labari yake fitowa, da yadda mai ilimi zai auna shi, sa'an nan mu ga inda ya shafi aljihun ɗalibi da na ƙaramin ma'aikaci.

Bari mu fara da abin da aka faɗa. A cikin watan Maris na 2025, wani mai nazarin kasuwa da ake kira Ming-Chi Kuo, na kamfanin TF International Securities, ya ba da siffar wayar dalla-dalla. Ya ce za ta buɗe kamar littafi, fuskarta ta ciki wajen inci 7.8, ta waje kuwa inci 5.5. In an buɗe ta kaurinta bai kai milimita 5 ba, in an rufe ya ɗan wuce 9. Ya ce ba za ta gane mai ita ta fuska ba kamar 'yan'uwanta, sai ta zanen yatsa a maɓallin gefe. Kuɗinta ya ƙiyasta shi tsakanin dala 2,000 da 2,500, lokacin fitowarta kuma ƙarshen 2026. Abin da ya fi jan hankalin mutane shi ne cewa da ya yi ba za a ga kari a tsakiyar fuskarta ba, irin karin nan mai kama da na guga wanda ake gani a wayoyi masu naɗewa. Daga baya a cikin shekarar, Mark Gurman na kafar labarai ta Bloomberg ya kawo labari mai kama da wannan, ya kuma ƙara da cewa ba za a yi mata wurin sa katin sim ba.

To, jama'a, mutanen nan biyu ba sa aiki a Apple, ba kuma bokaye ba ne. Ina suka samo?

Amsar tana ga yadda ake ƙera waya. A garin Cupertino na jihar Kaliforniya ake zana iPhone, amma ba a can ake yin ta ba. Fuskarta daga Koriya ta Kudu take zuwa galibi, kuma abin mamaki shi ne Samsung, babban abokin hamayyar Apple, yana cikin manyan masu sayar masa da ita tun daga iPhone X ta 2017. Ƙwaƙwalwarta kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙerawa. Harhaɗawa kuwa kamfanoni irin su Foxconn ke yi, a garuruwa kamar Zhengzhou na ƙasar Sin, inda aka yi ta ba da rahoton ma'aikata wajen 200,000 a masana'anta guda, sa'an nan a 'yan shekarun nan an ƙara da Indiya. Wanda zai sayar da waya miliyoyi a watan Satumba tilas ya yi odar gilashi da ƙarfe da batir watanni da yawa kafin nan, kuma kowace oda tana ɗauke da awo. Mai yin gilashi ya san girman fuska, mai yin ƙarfe ya san kauri, mai yin kyamara ya san adadin idanu. Ba wanda ya ga wayar gaba ɗayanta, amma wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambaya, zai iya haɗa hotonta. Aikin Kuo ke nan, kuma ba don ɗalibai yake yi ba, don masu zuba jari ne, waɗanda ke so su san wane kamfani zai sami kwangila su sayi hannun jarinsa tun da wuri. Gurman kuwa ɗan jarida ne, majiyarsa mutanen cikin gida. Asirin da ya bi ta hannun mutum dubu ɗari ba ya ɓoyuwa.

Apple ya yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. A 2018 ya rarraba wa ma'aikatansa takardar gargaɗi, ya ce a shekarar da ta gabata an kama mutum 29 suna fitar da asiri, 12 daga cikinsu har hukuma ta tsare su. Ba a daɗe ba takardar gargaɗin ita kanta ta fito a Bloomberg. Kafin wannan ma an yi wanda ya fi shi. A 2010 wani ma'aikacin kamfanin ya manta samfurin gwaji na iPhone 4 a wata mashaya a garin Redwood City, an sa mata riga don ta yi kama da tsohuwar waya. Wanda ya tsinta ya sayar wa masu kafar labaran nan Gizmodo a kan dala 5,000, suka kwance ta, suka nuna wa duniya a watan Afrilu, watanni biyu kafin Steve Jobs ya hau dandamali ya gabatar da ita. Da ta fito kuwa, sai ga ta yadda aka gani.

Kada wannan ya sa mu zaci kullum haka ake dacewa. A 2011 an cika duniya da labarin wata iPhone 5 mai faɗi, mai kauri a sama da sirantaka a ƙasa. Wasu kamfanonin da ke yin rigar waya suka gaskata, suka kashe kuɗi suka ƙera riguna da wannan awo domin su riga kowa shiga kasuwa. Ranar 4 ga Oktoba Apple ya fito da iPhone 4S, siffarta sak ta bara, riguna suka zama asara. Shi kansa Kuo ya taɓa cewa a 2022 maɓallan iPhone 15 Pro ba za su riƙa dannuwa ba, za a sa wata 'yar na'ura ce mai motsi ta sa yatsa ya ji kamar ya danna. Bayan 'yan watanni ya komo ya ce an fasa saboda matsalar ƙira. Daɗin daɗawa, kamfanin ma yakan yi alkawari ya kasa. A watan Satumba na 2017 Apple da bakinsa ya nuna wani faifan caji mai suna AirPower wanda za a ɗora masa na'urori uku a lokaci guda, a watan Maris na 2019 ya fito ya ce ya haƙura. In mai abu bai iya faɗin gobensa daidai ba, ina ga mai leƙe ta katanga?

Saboda haka muna buƙatar ma'auni, kuma a ganinmu ma'aunin da ya fi kowane amfani shi ne wannan: cikin waya wuri ne ƙanƙane ƙwarai, duk abin da aka ƙara a cikinsa sai an fitar da wani. Mai zanen waya kamar tela ne da aka ba yadi biyu aka ce ya fitar da riga da wando da hula. In hannun riga ya yi tsawo, ƙafar wando za ta ɗage. Masu jita-jita sukan cika mana kunne da abin da za a ƙara, ba safai sukan tsaya a kan abin da za a rage ba. Don haka in aka kawo mana labari, tambayar farko ita ce, me aka cire aka sami wurin? Labarin da ya zo da amsar wannan tambaya ya fi kama da gaskiya. Wanda kuwa ya ce waya za ta fi sirantaka, ta fi riƙe caji, ta fi yawan kyamara, ta kuma fi araha, wannan tatsuniya ce.

Mu gwada ma'aunin a kan abin da ya riga ya faru. A watan Satumba na 2025 Apple ya fito da iPhone Air, kaurinta milimita 5.6, kuɗinta dala 999. Domin a sami wannan sirantaka an bar mata kyamara ɗaya tak a baya, an rage lasifika ya zama ɗaya, an kuma cire wurin sa katin sim a duk ƙasashen da ake sayar da ita. Samsung ma da ya fito da Galaxy Z Fold7 a watan Yuli na shekarar, mai kaurin milimita 4.2 in an buɗe, sai da ya cire shimfiɗar da ke sa fuska ta karɓi alƙalamin rubutu. In muka koma ga maganar Kuo cewa waya mai naɗewa ba za ta gane fuska ba, sai mu ga ta hau ma'auni. Na'urar gane fuska ta Apple tana watsa ɗige-ɗigen haske fiye da 30,000 a fuskar mutum, wata kyamara ta karanta su, kuma waɗannan kayan suna son zurfi. Ɓangaren da bai kai milimita 5 ba da wuya ya ɗauke su. Wannan bai tabbatar da labarin ba, amma ya nuna wanda ya kawo shi ya san ƙuncin wurin.

Wanda ya fi kowa cin wuri a cikin waya shi ne batir, kuma shi ne wanda ba ya yafe matsi. A watan Agusta na 2016 Samsung ya fito da Galaxy Note 7, aka yaba mata ƙwarai. Ba a yi wata guda ba sai ga rahotannin tana kamawa da wuta. Aka janye wajen miliyan 2.5, aka ba da wasu a madadinsu, su ma suka kama, a watan Oktoba aka daina yin ta ɗungum, hukumomin jiragen sama kuma suka hana a shiga jirgi da ita. Da kamfanin ya ba da bayani a watan Janairu na 2017, ya ce a rukunin farko kwanson batirin ya yi wa abin da ke ciki kaɗan, kusurwa ta lanƙwashe, sassan da bai kamata su haɗu ba suka haɗu. A rukuni na biyu kuwa aibin walda ne. Waya mai naɗewa matsalarta ta ninka, don batirin raba shi ake yi gida biyu, kowane ɓangare da nasa, ga kuma babbar fuska mai shan wuta.

Sai maganar kari, wadda a kanta ne aka fi yin cacar baki. Gilashi ba ya son lanƙwasa, kowa ya sani. Dabarar da aka yi ita ce a sirantar da shi har ya kasa kaurin gashin kai, a lulluɓe shi da yadin roba, kamar yadda Samsung ya fara a Galaxy Z Flip ta 2020. Amma ko takarda ce aka ninke ta sau dubu a wuri ɗaya, sai ta nuna. Abin da masu ƙira suka yi shi ne su gyara gaɓar da ke haɗa ɓangarorin biyu, yadda in an rufe wayar fuska za ta lanƙwashe a ciki ta yi siffar ɗigon ruwa maimakon ta karye tsaf. Wannan ya rage karin, bai kawar da shi ba. Gaɓar kuma ita kanta tarin ƙananan ƙarafa ce masu motsi, kuma duk inda abu ke motsi akwai kafa. Samsung ya ɗanɗana wannan a 2019. Ya raba Galaxy Fold ta farko, mai dala 1,980, ga 'yan jarida a watan Afrilu, cikin 'yan kwanaki fuskokin wasu suka mutu. Wasu sun ɓare wani yadi da suka zaci leda ce ta sabon kaya, wasu kuwa tarkace ne ya shiga ta gaɓa. Aka ɗage sayarwa sai Satumba.

A nan ne ya kamata mu da muka san hunturu mu buɗe kunne. Shekara shida bayan wancan, Fold7 ta fito da shaidar kariya da ake kira IP48, ma'anarta kuwa tana jure ruwa, tana tare abin da ya kai milimita ɗaya, amma ba a ba ta shaidar tare ƙura ba. Sai a 2025 ne Google ya fito da Pixel 10 Pro Fold mai cikakkiyar shaidar ƙura, watau IP68. Masu hasashe sun ɓata tawada mai yawa a kan ko za a ga kari ko ba za a gani ba. Mutumin da ke hawa babur a Kano ko Zinder cikin watan Janairu, tambayarsa dabam ce.

Akwai kuma wani mai yanka wa waya riga wanda ba ya zama a ɗakin zane, shi ne doka. Tun 2012 Apple yake da kafar cajinsa ta kansa mai suna Lightning, ya kuma daɗe yana ƙin barinta. A 2022 Tarayyar Turai ta yi dokar cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta kasance da kafar USB-C. A watan Satumba na 2023 iPhone 15 ta fito da USB-C. Wanda ya karanta dokar bai bukaci wani mai kwarmato ba. Haka nan daga 20 ga Yuni 2025 wata dokar Turai ta fara aiki, wadda ta ce sai batir ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, sai kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfuri, ya kuma ci gaba da sabunta manhajarsa aƙalla shekara 5. Mu a ganinmu wannan labari ya fi na launi da na kari muhimmanci nesa ba kusa ba, amma da yake ba shi da hoto mai ƙyalli, ba a cika yaɗa shi ba. 'Yan'uwanmu masu karatun shari'a sai su lura, wata majalisa a Turai ta juya hannun kamfanin da dukiyarsa ta fi ta ƙasashe da yawa, don kawai kasuwarta ta yi girman da ba a iya juya mata baya.

Watakila wani a zauren nan yana cewa a ransa, mu ina ruwanmu da wayar dala dubu biyu? Tambaya ce mai kyau, bari mu yi lissafi. A canjin da aka yi ta yi a 2025, wajen naira 1,500 kowace dala, dala 2,000 ta kama naira miliyan 3. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau albashin wata 42 da ɗoriya, shekara uku da rabi, ba ci ba sha ba kuɗin haya. A duniya ma baki ɗaya, cikin wayoyi wajen biliyan 1.2 da aka fitar kasuwa a 2024, masu naɗewa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Amma ruwan da aka yi a tudu, kwari yake gangarowa. A 2016 Apple ya cire ramin sa abin sauraro daga iPhone 7, aka yi ta yi masa dariya, cikin 'yan shekaru manyan wayoyin sauran kamfanoni suka bi. A 2017 iPhone X ta zo da wani baƙin gurbi a goshin fuska, a 2018 sai ga shi a wayoyin da ba su ma da na'urar da ta sa aka yi gurbin. A watan Oktoba na 2020 Apple ya daina sa kan caja a kwali, Samsung ya yi masa ba'a, a watan Janairu na 2021 shi ma ya cire daga Galaxy S21. Ku lura, biyu daga cikin ukun nan ragi ne, kuma mai saye ne ya biya cikon. Maganar katin sim ita ce ta fi kusa da mu. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da wurin sa kati, sai layin da ake sauke wa waya ta intanet. Da yawan iPhone da ke hannun matasanmu kuwa na hannu ne, sun yi shekara biyu ko uku a wata ƙasa kafin su iso kasuwa irin ta Farm Centre a Kano. Abin da aka cire a Cupertino yau, jibi ɗalibi zai tarar babu shi a kan teburin mai sayarwa, kuma mutum ne da ya saba da layi biyu, yana sauya su bisa ga wanda ya fi ƙarfi ko araha a inda yake.

Kishiyar wannan ita ce hanyar da kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ya bi, mai Tecno da Infinix da itel. Shi bai jira ruwa ya gangaro ba. Ya duba mai saye a Afirka, ya yi masa waya mai ɗaukar layi biyu, mai babban batir saboda ƙarancin wutar lantarki, da kyamarar da aka daidaita don ta fitar da baƙar fata da kyau. Da wannan ya kai ga riƙe kusan rabin kasuwar wayoyin zamani ta nahiyar a 2023 da 2024. Shi ma dai bai tsira daga yayi ba, don a 2023 ya fito da tasa mai naɗewa, Phantom V Fold.

Saura tambaya ɗaya, Shugaba: wa ke cin ribar jita-jita? Mai kafar labarai yana ci, don kowane hoton hasashe yana jawo masu kallo, masu kallo kuma su ne kuɗin talla. Mai hannun jari yana ci in ya riga kowa ji. Kamfanin kuwa lamarinsa kaifi biyu ne. A 1983 wani kamfanin kwamfuta na Amurka mai suna Osborne ya yi ta tallar sababbin injunansa tun ba su kammala ba, dillalai suka ja baya daga sayen na hannu, a watan Satumba na shekarar kamfanin ya durƙushe. Akwai wasu dalilai da suka taimaka, amma sunansa ne aka laƙaba wa wannan cuta har yau, kuma tana cikin abin da ya sa kamfanoni ke kame bakinsu. Sai dai jita-jitar iPhone mai naɗewa ba ta da wannan haɗari sosai ga Apple a 2025, tun da ba shi da wata mai naɗewa a kanti da za ta yi kwantai. Wanda labarin zai sa ya dakata shi ne mutumin da ya riga ya ɗauko kuɗi zai sayi ta Samsung, ko ta Google, ko ta Huawei, wanda tun watan Satumba na 2024 ya fito da Mate XT mai ninki uku. Ba mu ce kamfanin ne ke sakin labarin ba. Mun dai lura cewa Samsung ya shekara shida yana sayar da irin wannan waya, amma a 2025 wadda ba a ko nuna ba ta sami kaso mai tsoka na surutun.

Shugaba, mun ga ana yi mana nuni da agogo. A nan za mu dakata, mu ba masu tambaya fili.